Amanar Ƙeya

Shafi na 11

Ku matso kusa, bakina ba ya son nisa. Masu turo min saƙo cewa na bar su a rataye, ku yi haƙuri, shayi na zubar wa wayar, jiya yini ta yi a rana tana shan iska kamar wanki.

Wadda ta shigo yau, ga inda muke. Anti Kibiya mai kitso ce, shagonta ɗan ƙarami, bango ɗaya da mai ɗinki. Kibiyar tsifa ba ta barin bayan kunnenta, shi ya sa sunan ya bi ta. Matan da ke zama a gabanta kullum cewa suke, "Anti, bakinki ya fi hannunki, ki je ki ba jama'a dariya." Tun tana cewa Allah ya kiyaye har abin ya shiga ranta. Akwai wani gidan shayi a saman shagon kujeru, duk Asabar da yamma sukan kafa makirufo, wanda ya ji yana da abin dariya ya hau. To yau ce Asabar ɗin, kuma an karɓi sunanta.

Ta ƙofar baya ta shiga, don ba ta son a gan ta tana haki a matakala. Ɗakin ya cika, kowa ya ba ta baya yana kallon dandamali, inda wani mai jar riga yake ta fama da labarin surukarsa, mutane na ta juya cokali a kofi.

Ku da ba ku san sana'ar ba, bari in gaya muku. Mai kitso ba fuska take sani ba, ƙeya take sani. Ki canza mayafi, ki canza ɗauri, ki sa tabarau, in dai ta hango bayan wuyanki ta gama da ke.

Anti ta fara bin layi da ido.

Ga ƙeyar Mai Ɗinki can, tana ta leƙe-leƙe. Ga ta Maman Biyu. Ga ta matar mai gyaran waya. Duk ba damuwa, waɗannan sun zo tafi ne.

Sai idonta ya kai layin gaba.

Wani siririn wuya, a miƙe kamar an auna da ruwa, ɗan tabo a bayan kunnen hagu, ɗaurin ɗankwali mai kunne ɗaya. A gefensa wata ƙeya mai furfura, hula ta ɗan karkace, kwat ɗin an goge shi har yana ƙyalli.

Nan take Anti ta gane su.

Sista ce, da mijinta Hedimasta.

Sista fa ba kowa ba ce a wurin Anti. Tsohuwar nas ce, ita ta tsaya a kanta ranar haihuwarta ta fari, lokacin da kowa ya fitar da rai. Ita ce ta fara zama a kujerar shagon ranar da aka buɗe, ta kuma jawo nas-nas na asibitinsu kaf. Kuma ita ce, wata rana da shago ba kowa, ta sunkuyar da kai ana tsifa ta ce, "Ƙanwata, zan gaya miki wani abu, amma a nan zai tsaya. Yayanki ya fara mantuwa. Wani lokacin ko ni ba ya ganewa."

Daga ranar, duk zuwanta da sabon labarin abin da Hedimasta ya yi. Su yi dariya har da ƙwalla, su share, a ci gaba da kitso.

To wannan labarin ne Anti ta shirya ta rufe barkwancinta da shi. Shi ya fi duk abin da take da shi daɗi. Ta mai da Hedimasta tela, ta kai shi wani gari, ta ce wa zuciyarta ai babu mai ganewa. Sista kuwa ba ta zuwa irin waɗannan wurare, ko biki sai an ja ta.

Ga ta a layin gaba.

Anti ta ja da baya a hankali, ta faɗa wani ɗan lungu da ke bayan labule, inda ake jibge akwatunan lemo da bokitin goge ƙasa. Ta zauna a kan akwati ɗaya.

Mai gabatarwa ya leƙo, wani dogo mai gemu kamar an ɗiga da tawada.

"Mama, ke ce mai kitso? Bayan wannan da wani, sai ke."

"Ɗana, in mutum ya fasa, ana kama shi?"

"Ba a kama shi. Amma zan faɗa a makirufo cewa ya gudu."

"Allah ya shirye ka."

Ya yi dariya ya saki labulen. Bai gama rufuwa ba wani hannu ya sake ɗaga shi.

Sista ta shigo, jakarta a hammata, fuskar nan babu alamar wasa. Irin kallon da take yi wa mara lafiyar da ya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin filo.

Anti ta miƙe har akwatin ya yi ƙara.

"Yaya. Sannu da zuwa. Ashe kina nan."

"Ina nan."

"Ya jikin Yayan namu?"

"Ga shi can yana shan shayi. Zauna."

Ta zauna. Sista ta jawo wani akwatin ta zauna daf da ita, gwiwa na taɓa gwiwa. Shekara da shekaru suna tare, amma Anti ba ta tuna ranar da suka zauna ido cikin ido haka ba. Ta rasa inda za ta ajiye idonta, sai ta ajiye shi a kan bokiti.

"An ce kina da labarin wani tela."

Anti ta ci gaba da kallon bokiti.

"Da ke nake, Kibiya."

"Wa ya gaya miki?"

"Bangon da ke tsakaninki da Mai Ɗinki katako ne, ba bulo ba. Ta ce duk yamma in kin rufe shago sai ki ɗauko kan robar nan da kike koya wa yara kitso, ki tsaya a bayansa kina ba shi labari. Ta ce har kashe keken ɗinkinta take don ta ji da kyau."

"Wannan matar, bakinta ko zare ba ya riƙewa."

"Bar ta. Ita ba ta san kowane tela ba ne. Dariya ta zo tana yi min, wai in zo in ji. Ni da na ji farkon labarin na san gidana ne."

 Anti ta zame daga kan akwatin za ta durƙusa, Sista ta riƙe mata kafaɗa.

"Kar ki ɓata zaninki, ƙasar nan da danshi."

"Yaya, ki yafe min. Wallahi ba zan faɗa ba. Yanzu zan bi ta baya in tafi gida. Son zuciya ne, labarin ya yi min daɗi a baki, na rasa yadda zan bar shi. Ke da kika..."

"Tela."

"Na'am?"

"Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane, shi kika mayar tela? Ko maɓallin rigarsa bai iya sawa daidai ba tun yana da lafiya."

Anti ta ɗago. Fuskar Sista har yanzu a ɗaure take, amma gefen bakinta na rawa.

"Abin da ya ɓata min rai ke nan," in ji Sista. "Sauran kuwa, ki faɗa."

"In faɗa?"

"Ki faɗa. Kuma ki mayar masa da aikinsa."

"Yaya, in kin ce Hedimasta ai rabin ɗakin nan sun san shi. Wasu ma ya zane su."

"Shi ya sa na goge masa kwat."

Daga waje aka ɗan tafa wa mai jar riga, tafin a sauka lafiya. Sista ta ajiye jakarta a cinya ta dafe ta da hannu biyu.

"Kin san babban ɗanmu, Injiniya. Tun da abin nan ya fara ya kafa doka, kada kowa ya sani. Wai kar a raina Baba. Duk wanda ya zo gaisuwa a ce masa Baba na barci. Abokansa suka zo, barci. Ɗalibansa suka zo, barci. Tun suna dawowa har suka daina, suna ganin ko wulaƙanci ne. Yanzu kullum yana zaune a bakin taga da kwat ɗinsa, yana tambayata, yau ma babu wanda ya zo? Kibiya, ciwon bai cinye shi ba, kunya ce take cinye mana shi."

Sista ta ci gaba.

"Na gwada in faɗa da bakina. Na je gidan amininsa, na zauna, na buɗe baki, kuka ya riga magana fita. Mutumin ya tsorata, ya ɗauka rasuwa na zo faɗa. Ni in na faɗa, tausayi za a ji, mai tausayi kuma daga nesa yake tsayawa. Ke in kin faɗa, dariya za a yi. Wanda ya yi dariya yau, gobe ba zai ji tsoron ƙwanƙwasa mana ƙofa ba."

"Injiniya fa?"

"Ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba."

"To shi Yayan? Yana zaune fa, da kunnensa."

"Na sha ba shi labarin da kaina. Kullum sai ya yi dariya ya ce tsohon nan ya iya neman aure, a gaishe shi. Ba ya ganewa."

Sista ta miƙe, ta kakkaɓe bayanta.

"Sharaɗi ɗaya. Kar ki mai da shi wawa. Ki sa a so shi."

Hawaye ya cika idon Anti. Ta kama hannun Sista da nata biyun.

"Yaya, ni da na zo in ci amanarki, ke kuma kika zo da ita a faranti. Da me zan gode miki?"

"Ki daina ja min gashin gaba in kina kitso. Shekara nawa ina haƙuri."

Ta ɗaga labule ta fita.

Ba a daɗe ba muryar Dogo ta cika ɗakin.

"Jama'a, yanzu ga wata uwa tamu. Yau ce ranarta ta farko, kuma ta tambaye ni ko ana kama wanda ya gudu. Ku tafa wa Anti Kibiya."

Aka tafa. Mai Ɗinki har da miƙewa tsaye.

Anti ta hau dandamali, ta karɓi makirufo, ta juyo.

Nan fa ake yin ta.

Fuskoki. Ko'ina fuskoki. Idanu bibbiyu, kowanne a kanta. Wani na tauna, wata ta ɗaga waya, wani ya harɗe hannu kamar ya zo karɓar bashi. Baiwar Allah tun da take ba ta taɓa ba fuska labari ba. Duk dariyar da ta taɓa bayarwa, daga baya ta ba da ita, hannunta cikin gashi, sai dai ta ga kafaɗu na girgiza. Ko kan robar da ta yi ta gwaji da shi, a bayansa take tsayawa. Bai taɓa zuwa mata a rai ta juyo da shi ba.

Ta buɗe baki.

"Assalamu alaikum."

Aka amsa.

Ta sake buɗe baki.

"Assalamu alaikum."

Aka sake amsawa, wasu da 'yar dariya.

Kanta fa babu komai, wayam, kamar shagon da aka kwashe. Hannunta na hagu sai motsi yake a iska yana neman abin kamawa. Makirufo ya yi wata ƙara. Wani daga baya ya ce, "Mama, mun amsa, ko sai mun kawo ruwa?"

Aka yi dariya, ba irin wadda ta zo nema ba.

Ta dubi matakalar sauka. Dogo ya fara matsowa a hankali, irin matsowar mai zuwa ceto.

Sai aka ji ƙarar jan kujera.

Sista ce ta miƙe. Ta raɗa wa Hedimasta wani abu, ta ɗauki kujerarta ta roba, ta hau dandamali da ita ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ta dasa ta a gaban Anti, ta zauna, ta fuskanci jama'a, ta ba Anti baya. Ta ɗan sunkuyar da kai yadda take yi a shago.

"Gyara min ɗaurin nan, ya kwance," ta ce. "Kuma sauri nake."

Ɗaurin lafiyarsa ƙalau. Amma hannun Anti da ya sauka a kansa, sai ta ji numfashinta ya dawo. Ga tabon bayan kunne, ga siririn wuya. Ta saƙale makirufo a sandarsa, ta jawo shi kusa da bakinta, ta kama kunnen ɗankwali da hannu biyu. Idonta a kan ƙeya.

"Kun ji ta ko? Sauri take. Duk macen da ta shigo shagona sauri take. Anti, yanzu-yanzu nake so a gama. Baiwar Allah, kitso ne fa, ba allura ba."

Mata suka fara dariya.

"Wata za ta zo da hoto a waya. Gashi har gadon baya. Ita kuma nata, in na kama da yatsa biyu sai ɗaya ya yi zaman banza. Ta ce Anti, irin wannan nake so. Na ce 'yar nan, ni mai kitso ce, ba manomiya ba."

Ɗakin ya ɗauka. Wanda ya harɗe hannu ya saki.

"Akwai wadda tun kafin in taɓa ta take cewa wash. Rannan na ce bari in gani, na tsaya a bayanta ina shan ruwa. Ta ce wash, Anti a hankali. Na ce to, na sassauta."

Maman Biyu ta kifa kai a kan tebur, don ta san da wa ake.

"Wata kuma tun da ta zauna take wanke mijinta. Ba ya wannan, ba ya wancan, yau sai ta nuna masa ita ba baiwa ba ce. Sai waya ta yi ƙara. Muryar da ta fito, wallahi sai da na leƙa in ga ko an canza min mutum. Na'am, ranka ya daɗe. A'a, ba komai, dama kai nake tunani."

Wannan karon maza ne suka fi dariya, har wani na bubbuga tebur.

"Ni fa ban san fuskar kowa ba. Rannan wata ta tare ni a hanya, ta rungume ni, tana ta tambayar yara. Na dube ta sama da ƙasa. Na ce don girman Allah, juya. Tana juyawa na ce a'a, matar mai gyaran waya, yaushe gari?"

Jama'a, dariyar da aka yi sai da mai shayi ya fito daga kicin da tsumma a hannu. Anti ta saci kallo ta saman kan Sista. Karon farko a rayuwarta ta ga dariyarta ta gaba: bakuna a buɗe, wata na share ido da gefen mayafi, Dogo ya jingina da bango yana riƙe da ciki. Ashe haka abin yake. Ashe abin da ake ɓoye mata ke nan duk shekarun nan. A ranta ta ce, Allah na gode maka, ka saka wa matar nan da ta ba ni ƙeyarta.

Sista ta ɗan karkato kai, ta yi magana yadda makirufo zai ɗauka.

"Ba ki ba su na tsohon nan ba."

Hannun Anti ya tsaya. Ta matsa kafaɗar Sista, tambaya ce. Sista ta gyaɗa kai.

"Akwai wani dattijo," in ji Anti, muryarta ta sauka. "Hedimasta ne, ya yi ritaya. Wasunku in sun ji takunsa har yau sai sun gyara zama."

Wasu kawuna suka juya wajen layin gaba. Hedimasta na zaune, kofi a hannu, yana murmushi.

"Girma ya zo, mantuwa ta biyo baya. Wani in mantuwa ta kama shi, makulli yake mantawa. Wani faɗa yake koya. Shi wannan bawan Allah, mantawa yake ya yi aure."

Ɗakin ya yi tsit. Waɗanda suka gane suka fara kallon juna.

"Kullum da safe zai yi wanka, ya sa kwat, ya taje gemu, ya zo ƙofar kicin ɗin gidansa ya ƙwanƙwasa. Matar na ciki. Ya ce, baiwar Allah, ki gafarce ni, kina da miji? Ta ce ina da shi. Ya ce kash. Yana kula da ke kuwa? Ta ce ina fa, ko maganinsa ba ya sha. Ya ce kin gani, mazan yanzu ba su san darajar mace ba. Da ni ne... Ta ce da kai ne za ka sha? Ya ce har kwalbar. Ta miƙa masa, ya shanye, yana harare-harare ko mijin zai shigo."

Wata ce ta fara fashewa, can baya. Sai ta ja sauran.

"Rannan ya tsaya gaban hoton aurensu a falo. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, wane ne wannan mai kunnuwan? Ta ce mijina ne. Ya girgiza kai. Ya ce, kyakkyawa kamarki, da wannan kika ƙare? Iyayenki ba su yi bincike ba."

Hedimasta kansa ya ƙyalƙyale, har shayi ya zuba a kan kwat. Ganin haka waɗanda suke ta riƙe dariyarsu don kunya suka sake ta. Wani magidanci a layi na biyu yana dariya, hawaye na bin gemunsa, ya miƙa hannu ya gyara wa Hedimasta hular da ta karkace. Daga gani tsohon ɗalibi ne.

"Sau ɗaya ta ce bari ta gwada shi. Ya ce za ki aure ni? Ta ce a'a. Ranar bai ci abinci ba, bai yi magana ba, ya zauna bakin taga har rana ta faɗi. Tun daga ranar ba ta sake cewa a'a ba. Mata, ku da kuke cewa mazanku sun daina kallonku, ga wata can kullum sai an nemi aurenta kafin ta sauke shayi. Kuma kullum mutum ɗaya ne. Duk abin da ya sani ya zube, amma duk safiya in ya buɗe ido ya dubi matan duniya, ita yake zaɓa."

Ba a yi dariya a nan ba. Tafi aka fara, a hankali, sannan ya cika ɗakin. Kafaɗun Sista na rawa a ƙarƙashin hannun Anti. Ta ɗago hannu ta dafa na Anti, ta matse.

"Na gode, ƙanwata," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ni ce da godiya, Yaya."

"Gidansa ba a rufe yake ba," Anti ta ƙara a makirufo. "Kuma ba barci yake ba. Mai son gaisuwa ya je, zai same shi da kwat."

Magidancin nan ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu." Wani ma ya ce haka daga gefe.

Dogo ya taho zai karɓi makirufo, bakinsa har kunne.

Sai Hedimasta ya ɗaga hannu.

Yatsa ɗaya a sama, yadda ya koya wa yara shekara da shekaru. Ya ajiye kofinsa, ya miƙe, ya ja gefen kwat ɗinsa. Tafi ya mutu da kansa.

"Malama, ina da tambaya."

Anti ta juyo wajensa.

"Bismillah, ranka ya daɗe."

"Ita matar, da ta amince, shi mai kunnuwan ya sake ta?"

Aka yi dariya mai taushi. Sista ta amsa da kanta.

"Bai sake ta ba. Tare suke zaune su uku."

Ya gyaɗa kai, kamar an ba shi amsar da ta gamsar. Ya juya zai zauna. Sai ya tsaya, hannunsa a kan kujerarsa, gefensa wayam, inda kujerar matarsa take ɗazu. Ya dubi wurin. Ya dubi dandamali. Ya dubi magidancin da ke share gemu, ya daɗe yana kallonsa, har ya kira shi da sunan da yake kiransa a aji. Mutumin ya miƙe tsaye ba shiri.

Murmushin Hedimasta ya tafi. Idonsa ya washe, irin washewar da Anti ba ta gani ba tun kafin ciwon.

Yatsun Sista suka nutse a hannun Anti.

Ya tako har bakin dandamali. Bai dubi Anti ba, matarsa ya duba. Bai ɗaga murya ba, amma babu wanda bai ji ba.

"Uwar yara," ya ce. "Wannan tsohon da ake wa dariya, ni ne ko?"